Me ya sa manya ke kuka a kan fim ɗin 'yan tsana?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa manya ke fitowa daga sinima ido jawur bayan kallon fim ɗin 'yan tsana na yumɓu, alhali kowa ya san ba mutane ba ne. Ni dai ban ga abin mamaki ba.

Dubi yadda ake yin sa. Da hannu ake ɗan motsa 'yar tsanar, a ɗauki hoto, a sake motsawa, a sake ɗauka. Daƙiƙa ɗaya tana cin hoto 24, wasu kuma 12 suke ɗauka su nuna kowanne sau biyu. Mai aikin sai ya wuni cur bai haɗa fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba. In kyamara ta matso, za ka ga sawun yatsa a kumatun 'yar tsanar, ka ga zaren rigarta na ɗan rawa saboda an taɓa shi tsakanin hoto da hoto. Ido na gane hannun mutum ya bi ta nan, zuciya kuwa sai ta karaya.

Sannan mai kallo ba ya shiga da shiri. Ya zaci wasan yara ne, sai ga maraici, kaɗaici da mutuwa. Fuskar yumɓu kuma ba ta tuna maka wani jarumi da ka sani, taka damuwar kake ɗora mata.

Wasu na cewa baƙin cikin ya yi yawa, kuma na fahimce su. Amma don Allah kafin ka kai yara, duba shekarun da aka ƙayyade wa fim ɗin.