BYD ya sha gaban Tesla a ciniki, to me ya sa ribarsa ke ja da baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, kayan gyaran mota nake sayarwa. Na ji a labarai cewa kamfanin BYD na ƙasar Sin ya wuce Tesla wajen sayar da motocin lantarki. Ba a jima ba kuma sai na ji an ce ribarsa ta faɗi, har attajirin nan Warren Buffett ya sayar da hannun jarinsa ya fice. Abin ya ɗaure min kai. Ta yaya mutum zai fi kowa ciniki a kasuwa amma ribarsa na raguwa? Kamfanin na cin riba da gaske, ko gwamnatinsu ce ta goya shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Labaran nan biyu da ka ji duk gaskiya ne, kuma ba su ci karo da juna ba. Kai da ke zaune a shago ka fi ni sanin cewa ciniki daban, riba daban. Wanda ya karya farashi yakan tara layi a ƙofar shagonsa, amma sai an rufe an yi lissafi da yamma ake sanin abin da ya rage a kan uwar kuɗi. Halin da BYD ke ciki ke nan, sai dai nasa lissafin da biliyoyi ake yin sa.

Bari mu fara da cinikin, don a nan abin mamakin yake. A 2021 kamfanin ya sayar da motocin da ake yi wa caji kusan 600,000. A 2022 suka kai miliyan 1.86, a 2023 miliyan 3.02, a 2024 miliyan 4.27. Wato cikin shekara 3 cinikin ya ninka har sau 7. Kuɗin da suka shigo masa a 2024 sun kai yuwan biliyan 777, kimanin dala biliyan 107, alhali Tesla a wannan shekarar dala biliyan 97.7 ya samu. Ribar ma a lokacin tafiya take da cinikin: yuwan biliyan 3 a 2021, biliyan 16.6 a 2022, biliyan 30 a 2023, biliyan 40 a 2024.

Amma akwai abu biyu da masu kawo labari kan tsallake. Na farko, ba duk motocin BYD ba ne lantarki zalla. Fiye da rabin abin da ya sayar a 2024, kusan miliyan 2.5, 'yan ruwa biyu ne: suna da batirin da ake jonawa a yi caji, suna kuma da injin fetur. Masu lantarki zalla miliyan 1.76 ne, Tesla kuwa ya miƙa miliyan 1.79 ga masu saye, don haka a wannan shekarar da ƙyar Tesla ya tsira da kambunsa. Sai a 2025 BYD ya ƙwace shi sarai, da miliyan 2.26 a kan miliyan 1.64 na Tesla. Na biyu, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar BYD ba daga mota yake ba, daga harhaɗa wayoyi da kayan lantarki ne da yake yi wa wasu kamfanoni. Idan za a gwada shi da Tesla, adalci shi ne a tuna da wannan.

To yanzu ɗauko alƙalami. Riba biliyan 40 a kan ciniki biliyan 777, a kowane yuwan 100 da ya shigo, yuwan 5 da 'yan kai ne ya zama riba. Tesla, duk da cewa cinikinsa ya gaza, ya ci ribar dala biliyan 7.1, wato wajen 7 cikin 100, kuma ko a jimla ya fi BYD riba a 2024. Idan ka raba ribar BYD a kan yawan motocin da ya sayar, kowace mota ba ta kai masa yuwan 10,000 ba. Ribarsa irin ta mai sari ce, siririya, yawa ne ke ɗaga ta. Irin wannan ribar kuwa, da an taɓa farashi kaɗan sai ta ji a jikinta.

Kuma an taɓa farashin, ba kaɗan ba. A farkon 2023 Tesla ya zaftare kuɗin motocinsa a Sin, sauran kamfanoni suka bi, aka shiga yaƙin karya farashi wanda har yanzu bai lafa ba. Dalilin shi ne masana'antun mota a Sin sun yi yawa, abin da za su iya ƙerawa ya zarce abin da 'yan ƙasar za su iya saye, kuma masana'antar da ta tsaya asara take ci kowace rana. Kowa gara ya sayar da araha da ya bar injuna a kwance. BYD ma ba kallo ya tsaya yi ba, shi ne ya fi kowa zafin hannu. A watan Fabrairun 2024 ya sauke motarsa Qin Plus zuwa yuwan 79,800, yana tallar cewa lantarki ta fi fetur araha. Ƙaramar motarsa Seagull ta sauka zuwa 69,800, ƙasa da dala 10,000. A watan Mayun 2025 ya sake yin ragi a kan motoci iri sama da 20, wata har kashi 34 cikin 100. Abin ya kai ga hukumomin Sin da kansu suka fito suna tsawatarwa a kan wannan gasar ta kashe kai.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A watanni 3 na biyu na 2025 ribar BYD ta faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 in aka kwatanta da irin lokacin a shekarar da ta gabata, a watanni 3 na uku ta faɗi da kusan kashi 33. Burin da ya ɗaura na sayar da miliyan 5.5 a shekarar bai cika ba, a miliyan 4.6 ya tsaya. Ka lura, cinikin shekara bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi a kan na 2024. Gudun ne ya ragu, abin da ake samu a kan kowace mota kuma ya ƙara sirancewa, ga Geely da Xiaomi da Leapmotor suna yagar nasu rabon a kasuwar gida.

Akwai wani ɓangare da na tabbata kai za ka fi saurin ganewa fiye da masu digiri a fannin. Kamfanonin motar Sin sun saba karɓar kaya daga masu kawo musu sassa, su riƙe kuɗin watanni kafin su biya, BYD har takardar alƙawarin biya tasa ta kansa yake bayarwa a madadin tsabar kuɗi. Wannan juya kuɗin mai kaya ne, bashi ne marar ruwa. A watan Yunin 2025, bayan matsin lamba daga gwamnati, manyan kamfanonin har da BYD suka yi alƙawarin biya cikin kwana 60. Alheri ne ga ƙananan masana'antu, amma ga BYD jarin da yake juyawa a kyauta ne ya fara tsukewa.

Sai ka ce, to me ya hana shi durƙushewa? Batir. BYD ba da mota ya fara ba. Wang Chuanfu, masanin kimiyyar sinadarai, ya kafa shi a birnin Shenzhen a 1995 yana ƙera batiran da ake sake yi wa caji, har ya zama mai yi wa Nokia da Motorola batirin waya. Sai a 2003 ya sayi wani ƙaramin kamfanin mota a birnin Xi'an. A motar lantarki batir ne ya fi komai tsada, yakan ci wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ƙera ta. Yawancin kamfanonin mota sayen batir suke yi daga irin su CATL da LG da Panasonic, su biya ribar mai batir kafin su fara neman tasu. BYD shi ne mai batirin, shi ke ƙera injin lantarkin da ke juya ƙafafun, har da wasu daga cikin ƙwayoyin lantarkin da ke sarrafa wutar. Ribar da wasu ke rabawa gida uku, a aljihu ɗaya take faɗawa. Batirinsa mai suna Blade, wanda ya fito a 2020, da litiyam da ƙarfe da fosfat ake yin sa, babu nikel babu kobalt masu tsada. Sa'a kuma ta zo masa: farashin tan ɗaya na garin litiyam a Sin ya kusa yuwan 600,000 a ƙarshen 2022, daga baya ya faɗo ƙasa da 100,000. Wannan faɗuwar ce ta biya wani kaso mai yawa na ragin farashin da aka yi ta yi. Bayan wannan faɗuwar, ba a nan za a sake samun sararin ragi ba.

Don ka ga bambancin, dubi Ford na Amurka. Sashensa na motocin lantarki ya yi asarar dala biliyan 5.1 a 2024 kaɗai, ribar motocin fetur da manyan a-kori-kura ce ke toshe ramin. BYD kuwa tun watan Maris na 2022 ya daina ƙera motar fetur zalla, kuma yana cin riba a haka. A ganina wannan ya fi batun wuce Tesla nauyi. A 2011 an tambayi Elon Musk, shugaban Tesla, game da BYD a wata hira ta talabijin, dariya ya yi. Ba na jin yau zai maimaita.

Batun goyon gwamnati, e, an goya shi, kamar yadda aka goya duk masana'antar. Sama da shekara 10 gwamnatin Sin tana biyan tallafi a kan kowace motar lantarki da aka saya, ta yafe harajin saye na kashi 10 cikin 100, a manyan birane irin su Shanghai da Beijing kuma, inda samun lambar mota sai da gwanjo ko ƙuri'a, aka sauƙaƙa wa mai motar lantarki. Ba don wannan ba, da kasuwar ba ta girma da wannan saurin ba. Sai dai tallafin kuɗin kai tsaye ya ƙare a ƙarshen 2022, kuma shekaru biyun da BYD ya fi cin riba bayan nan suka zo. Kamfanoni da dama da suka sha daga wannan rijiyar sun rufe. Tarayyar Turai ma da ta binciki tallafin, a watan Oktoban 2024 ta ƙara wa BYD kuɗin fito na kashi 17 cikin 100 a kan kashi 10 da ake biya a da, Geely 18.8, SAIC mallakar gwamnati 35.3. Amurka ita ba ta tsaya awo ba, kashi 100 ta ɗora a kan motocin lantarkin Sin gaba ɗaya.

Wani abin da ke rage ribar a takarda kuma zaɓi ne. A 2024 BYD ya kashe yuwan biliyan 54 a bincike da ƙirƙirar sababbin fasahohi, fiye da ribar da ya bayyana. Ga masana'antu a ƙetare: ta Rayong a Tailan ta buɗe a Yulin 2024, a Burazil ya karɓi tsohuwar masana'antar Ford da ke Camaçari, ya kafa wata a Szeged ta ƙasar Hangare don motar ta zama ƙirar Turai ta kuɓuta daga kuɗin fito. Har jiragen ruwa na dakon mota ya mallaka. Dalilin wannan rububin fita waje a fili yake: motar da ya sayar da araha a gida, a Turai kusan ninki biyu take, ko bayan an cire kuɗin jirgi da haraji akwai saura mai kauri. Abin da ya sayar a waje ya tashi daga kimanin 417,000 a 2024 zuwa sama da miliyan 1 a 2025. Da yake ƙarin harajin Turai a kan masu lantarki zalla ya tsaya, sai ya ƙara tura musu 'yan ruwa biyu. Ga mai sana'a irin taka wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin 'yar ruwa biyu tana nan da fulogi da matatar mai da baƙin mai.

Buffett kuwa, kada ficewarsa ta ruɗe ka. Kamfaninsa Berkshire Hathaway ya sayi kusan kashi 10 cikin 100 na BYD a 2008 a kan dala miliyan 230, bisa shawarar abokinsa marigayi Charlie Munger. Ya riƙe shekara 14 bai taɓa ba, ya fara sayarwa a hankali a watan Agustan 2022, tun ribar tana hawa, ya kammala a 2025 bayan jarin ya ninka sama da sau 20. Wanda ya hango gobara ba ya ɗaukar shekara 3 yana kwashe kaya. Abin da zan yarda da shi shi ne, zamanin da cinikin ke ninkawa kowace shekara ya wuce, kuma mai zuba jari irin Buffett ya san haka.

Idan kana son bin diddigin lamarin da kanka, kada ka tsaya a yawan motocin da ake sanarwa kowane wata. Raba ribar watanni 3 a kan motocin da aka sayar a cikinsu, ka ga ko abin da ke kan kowace mota na hawa ko sauka, sannan ka duba kaso nawa aka sayar a waje. Ka kuma sa ido a kan kasuwar gida, domin daga Janairun 2026 yafiyar harajin saye ta koma rabi, mai sayen motar lantarki a Sin zai biya kashi 5 cikin 100 wanda a da ba ya biya. A kan Seagull ta yuwan 69,800 wannan ya haura yuwan 3,000, kuma ko dai mai saye ya ɗauka, ko kamfanin ya cire daga cikin ribar nan da ba ta kai 10,000 ba.