An kori ƙarar bashina saboda lauya ya makara da takardu

Tambaya: Shekara 4 da suka wuce na ba wani abokin ciniki kaya bashi, ya ƙi biya. Na damƙa maganar ga ɗan yayana, wanda lauya ne, ya shigar da ƙara. Yanzu na ji wai kotu ta kori ƙarar saboda ba a kai wasu takardu cikin wa'adi ba, alhali ina sa ran kuɗina har da diyya ninki biyu. Ina mafita?

Amsa: Malam, kalmar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ita ce "wai". Dukiyarka ce a gaban alƙali, amma labarin korar ƙarar a bakin mutane ka tsince shi, kuma na tabbata ko lambar ƙarar ba ka sani ba. Kuskurenka ke nan. Da baƙon lauya ka ɗauka ka biya shi, da duk wata ka tambaye shi inda aka kwana, amma da yake ɗanka ne, kunya ta rufe maka baki, shi kuma ya ajiye fayil ɗinka a ƙarƙashin na masu biya.

Kotu da ranaku take aiki, kuma gaskiyarka ba ta tsayar da su. A Ingila, wanda ya shigar da ƙara wata 4 yake da shi ya kai wa abokin shari'arsa takardar ƙarar, a kotunan tarayya na Amurka kuma kwana 90 ne. Akwai wani wa'adin da ya fi waɗannan haɗari, wato wa'adin neman bashin kansa, wanda dokar Ingila ta 1980 ta sa shekara 6, kuma ƙasashe da dama suna da irinsa, ko da tsawonsa ya bambanta.

Na taɓa zama da wani dattijo da ya zazzage mini rasitansa a kan tebur, an ɗaure su da roba, tawadar wasu har ta koɗe. Babu ko ɗaya na ƙarya a ciki. Sai dai shekara 7 wanda yake bi bashi yana cewa "a ƙara haƙuri" da fatar baki, bai taɓa rubuta komai ba, bai kuma biya ko kaɗan ba. Ba a ko saurari shaidunsa ba aka yi watsi da ƙarar.

Maganar diyya ninki biyu kuwa, ka cire ta daga ranka. Wanda ya karɓo uwar kuɗinsa da wani abu daga abin da ya kashe a shari'a ya yi sa'a.

Ka je da ƙafarka ofishin magatakardar kotun, ka nemi kwafin umarnin alƙali, ka kai wa wani lauyan da babu zumunci tsakaninku. Abin da zai duba shi ne ko an cire ƙarar ne kawai daga jerin shari'u, wanda sau da yawa ana iya roƙon a maido da ita idan an hanzarta aka kawo hujjar jinkirin, ko kuwa an yi watsi da ita kwata-kwata, wanda mafitarsa ta fi ƙunci. Idan mutumin yana amsa wayarka har yanzu, ka nemi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani abu, domin a dokoki irin na Ingila hakan yana sa a fara ƙirga wa'adin daga farko. Shekara 4 sun riga sun tafi, don haka a makon nan za ka karɓo fayil ɗinka daga hannun ɗan yayanka, ko da ransa zai ɓaci.