Auren da liman ya ɗaura, magajin gari bai rubuta ba

Wasiƙar wannan makon daga birnin Liyon na ƙasar Faransa ta fito, daga wani ƙanenmu ɗan unguwar Zariya ta nan Maradi. Ga abin da ya ce a taƙaice. Shekara uku ke nan da ya zo gida aka ɗaura masa aure a masallacin unguwa, ya yi wata biyu ya koma bakin aikinsa. Allah ya ba su ɗa namiji, aka yi suna ba ya nan. Yanzu katin zamansa ya daidaita, yana so iyalinsa su same shi, sai ya tarar babu takardar aure, matar ma ba ta da takardar haihuwa. Wani ya ce ya turo masa jaka kaza, cikin mako guda zai fitar masa da komai. Ga kuma mahaifiyarsa ta ce matar tana iya tafiya, amma jikanta yana nan wurinta. Ta ina zai fara?

Ƙanena, Allah ya raya yaro, ya sa albarka a neman da kake yi. Ka fara kwantar da hankalinka a kan abu guda: aurenka aure ne. An yi waliyyi, an yi shaidu, an biya sadaki, an shafa fatiha, babu abin da ya rage a wajen Allah. Abin da ya rage na hukuma ne. Ma'aikacin da zai buɗe fayil ɗinka a Liyon bai ci goron ɗaurin aurenka ba, bai san limaminku ba, bai ga taron da ya cika ƙofar gidanku ba. Abin da aka rubuta aka buga wa hatimi kaɗai yake gani. Kuma kada kowa ya ce maka rubuta aure baƙon abu ne a addini. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. In an ce a rubuta bashin kuɗi don kada a yi jayayya gobe, ina ga aure, wanda suratun Nisa'i ta kira alƙawari mai ƙarfi, wanda gado da nasaba suke rataye a wuyansa?

Dokar Nijar ta 2019 kan rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta ba da kwana 60 a kai sanarwa. Cikin wannan wa'adi abin ba wuya, a ma'aikatar magajin gari ake gama shi. Ku wa'adinku ya wuce, don haka hanyarku ta biya ta kotu. Alƙali zai saurari shaidu ya ba da hukuncin da ke tabbatar da auren, wato jugement, sannan a kai hukuncin ma'aikatar magajin gari a shigar da shi cikin kundi, daga nan a fitar da takardar aure. Wannan mataki na ƙarshe mutanenmu da yawa suke tsallakewa. Su karɓi takardar kotu su naɗe a leda su sa ƙarƙashin katifa, suna ganin an gama. Ba a gama ba sai an rubuta a kundin magajin gari, don can ne masu bincike za su je su duba.

Amma kafin takardar aure akwai ta haihuwar matarka, da ita za a fara. Ita ma ta kotu za a bi, da shaidun da suka san haihuwarta da gaske: kawunta, ko gwaggonta, ko maƙwabcin da ya halarci sunanta. Kafin a je, a zauna a bincika ko an taɓa yi mata wata takarda tana ƙarama. In ta yi lakwal, musamman in ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, to akwai takarda a wani wuri, ko a makarantar ko a akwatin mahaifinta. A nemo waccan. Mace ɗaya da takardun haihuwa biyu, kowace da tata shekarar, matsala ce da ta fi rashin takarda gaba ɗaya. In an samu ta haihuwa, sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa, sai katin ɗan ƙasa, sai fasfo. Kowace da ta bayanta take fita, ba a yi musu tsallake.

Nan zan daɗe, don nan ne na fi ganin fayil na mutuwa: rubutun suna. Mu a gida mutum ɗaya ne Mamman da Muhammadu, kowa ya sani. A takarda kuwa Mahamadou daban, Mahamane daban, Mamane daban. Haka Aichatou da Aissata, haka Ousseini da Housseini. Ka ɗauki fasfonka ka ɗauki hoton shafin farko, ka tura wa wanda zai bi maka takardun, ka ce masa harafi ɗaya kada ya sauya. Ya tsaya a gaban magatakarda ya karanta abin da aka rubuta kafin a sa hannu, ba bayan ya dawo gida ba. Ga wani abu kuma: a al'adarmu yaro sunan ubansa yake ɗauka, kai kuma sunan naka uban kake ɗauke da shi. Bature ya saba ganin uba da ɗa da sunan iyali iri ɗaya. In ya ga naka daban na yaro daban, abin da zai gamsar da shi kawai shi ne cikakken sunanka a takardar haihuwar yaron, da ranar haihuwarka da garin da aka haife ka, daidai da yadda suke a fasfonka. In takardarka ta 1 ga Janairu ce, kamar ta dubban 'yan'uwanmu da ba a san ranar haihuwarsu ba, to 1 ga Janairu za a rubuta ko'ina, ko da innarka ta tabbatar maka da kaka aka haife ka, ana cirar gyaɗa.

Shi yaron, in a asibiti aka haife shi, mai yiwuwa ungozoma ta cika takardar sanarwa tun ranar. Sau da yawa takardar haihuwar tana nan a ma'aikatar magajin gari, ba wanda ya je karɓa, hankalin kowa ya tafi ga ragon suna. A ɗauki katin awon uwar da na allurar yaron a je a tambaya a sashen birnin da asibitin yake, tunda Maradi kashi uku take, kowane da nasa kundin. In an same ta, a duba sunanka a ciki. In da kuskure, gyara ake nema a kotu, ba sabuwa ake yi ba.

Mai cewa ka turo jaka kaza ya fitar maka da komai cikin mako guda, ka gode masa ka rabu da shi. Ko dai takardar da zai kawo ba ta cikin kowane kundi, ko ya sa lambar wani, ko ya ɗauko shaidun haya a bakin kotu waɗanda ba su taɓa ganin matarka ba. Dokar Faransa ta ba ma'aikatanta ikon binciken sahihancin takardun ƙasashen waje, kuma suna yi. In aka kama guda ɗaya ta jabu, ba fayil ɗin iyalinka kaɗai zai faɗi ba, katin zamanka ma yana iya shiga haɗari. Wannan na duniya ke nan. Shaidar zur kuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa ta cikin mafi girman zunubai. Kana da gaskiya a hannu, aurenka na halal, ɗanka na halal, me zai kai ka gina su a kan ƙarya? Ranar da aka ɗaura auren ita za a faɗa wa alƙali, ba a matsar da ita gaba ko baya don ta yi daidai da wani lissafi.

Wa zai bi maka? Ka zaɓi mutum ɗaya, mai haƙuri, wanda ya iya karatun Faransanci, ka yi masa takardar wakilci ta ofishin jakadancin Nijar da ke Paris. Kada ka raba aikin ga mutum huɗu, kowa ya ce ɗan'uwansa ne ke riƙe da takardar. Ka biya shi kuɗin mai da na hatimi a sarari, ka ce ya riƙa turo maka hoton kowace rasit. In kuma hutunka ya kusa, ka zo da kanka ka tsaya gaban alƙali tare da matarka da waɗanda suka shaida auren. Ya fi.

Ta ɓangarenka can, OFII, hukumar Faransa mai kula da shigowar baƙi, ita ce ke karɓar buƙatar haɗa iyali. Ana so ka cika wata 18 kana zaune bisa ƙa'ida, matar ta kai shekara 18, kana da gidan da zai ɗauke ku, kuma kuɗin shigarka na wata 12 da suka wuce ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar in iyalin mutum biyu ne ko uku. Takardun albashi ake dubawa, ƙanena. Aikin da ake biyan ka a hannu ba a rubuta ba, ko nawa kake samu, a wajensu babu shi. Ka adana takardar albashi ta kowane wata da ta haraji. Sannan ka tuna ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, don haka ka tambayi OFII a rubuce inda iyalinka za su kai neman biza, kafin a ɗora mace da goyo a mota zuwa wata ƙasa.

Saura maganar Inna, wadda na san ita ce ta fi hana ka barci. Kada ka ga laifinta. Ɗanta ya yi nisa, jikan nan shi take kallo ta ga fuskarka. Amma akwai abin da ya kamata ta sani: a ƙa'idar Faransa iyali gaba ɗaya ake nema wa izini, mata da 'ya'ya tare. Barin yaro a baya sai da dalili mai ƙarfi da ya shafi amfanin yaron, kuma shigar da shi daga baya wani dogon aiki ne. Ban da haka, yaro ɗan shekara biyu wurin uwarsa ya fi cancanta, malamanmu na Malikiyya ba su yi saɓani a kan haƙƙin uwa na reno ba. Wannan magana ba ta saƙon murya a WhatsApp ba ce. Ka kira ta da kanka bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru, ko ka sa kawunka ko limamin da take jin maganarsa ya zauna da ita. Kada ka je mata da doka a gaba. Ka fara da abin da take tsoro: wa zai kwana da ita, wa zai kai ta likita, wa zai ɗora mata tukunya. In ka zo da amsar waɗannan, ƙanwarka ce za ta dawo gidan ko 'yar yayanka, kuma kuɗin cefane ba zai yanke ba, rabin maganar ta ƙare. Ka yi mata alƙawarin da za ka iya cikawa na kawo yaron hutu, kada ka faɗi abin da aljihunka ba zai ɗauka ba.

Ita matar taka fa, ka tambaye ta? Wasiƙarka ta faɗi abin da kake so da abin da Inna take so, ban ji nata ba. Za ta bar danginta ta je inda ba ta jin harshe, ka fita da asuba ka dawo da dare, ita kaɗai a ɗaki cikin sanyi. Ka gaya mata gaskiyar zaman can, ba hotunan da ake turowa ranar salla ba. In ta amince, ta fara koyon Faransanci tun yanzu, watannin jiran nan suna da yawa.

Ko da a ƙarshe kun yanke shawarar ta zauna Maradi, takardun nan sai an yi su. Rai na hannun Allah. In ta Allah ta kasance a kanka a can, haƙƙoƙinka na wurin aiki da abin da ke asusunka na banki ba za a miƙa su ga matar da ba ta da takardar aure ba, ko yaron da sunan ubansa bai dace da na fasfo ba. Makon nan ka tura hoton fasfonka gida, a fara da neman tsohuwar takardar matarka a makarantar da ta yi, in an samu ka sake rubuto mini mu duba sunayen tare kafin a je kotu.