Ɗakunan karatun jakadanci a Alƙahira: amsa ga ƙanina mai shirin zuwa

Ƙanina, assalamu alaikum. Na ga saƙonka, na kuma yi murna da jin takardarka ta shiga Azhar ta fito. Allah ya sanya albarka. Ka ce wani ya gaya maka ofisoshin jakadancin Turawa a nan suna da ɗakunan karatu da intanet kyauta, don haka kana so ka ce wa Baba ya bar zancen sayen kwamfuta, a ƙara kuɗin a kan tikiti. Don Allah kada ka faɗa masa haka tukuna.

Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya ba, wuraren suna nan. Amurka tana da cibiyarta a ofishin jakadancinta da ke unguwar Garden City, kusa da dandalin Tahrir. Faransawa suna Munira, cibiyar Goethe ta Jamusawa tana Duƙƙi, British Council kuma tana Aguza a bakin Nilu, inda ake koyon Turanci da rubuta jarrabawar IELTS. Abin da bai gaya maka ba shi ne dalilin buɗe su. Kowace ƙasa ta buɗe tata ne don ta nuna wa mutanen Masar harshenta da al'adunta da jami'o'inta. Shi ya sa littattafan da ke ciki akasarinsu na harshen masu wurin ne, a kan ƙasarsu. Kai kuwa Shari'a za ka karanta, da Larabci. Ba za ka tarar da muƙarrar ɗinka, wato littattafan manhajarka, na fiƙihu ko nahawu a kan kantarsu ba.

Ranar da na fara zuwa cibiyar Amurkawa ina zaune a Hayyul Ashir ne, can ƙarshen Madinatu Nasr inda yawancin ɗalibanmu ke haya. Na hau mikrobas zuwa Abbasiyya, na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauya layi, na fito a tashar Sadat, sannan na taka da ƙafa. Hantsi ya yi kafin in isa. A ƙofa aka duba fasfona, aka karɓi wayata aka ajiye, domin ƙa'idar tsaro ce a irin waɗannan gine-gine. Da na shiga kuwa, wallahi wurin ya burge ni: sanyi, shiru, kwamfutoci a jere, ma'aikaciya ta taso da fara'a ta nuna mini yadda ake rajista. Na yi karatu mai daɗi ranar. Amma da yamma ta gabato aka tashi, ni kuma na kama hanyar gida cikin cunkoson Alƙahira. Ka tuna kuma a nan Juma'a da Asabar ne hutun mako, ofisoshin jakadanci a rufe suke, ranakun aikinsu kuma su ne ranakun laccarka. Ɗalibi da dare yake karatu, bayan isha'i, lokacin da duk waɗannan ƙofofi ke kulle.

Duk da haka ka yi rajista da su, saboda babban amfaninsu ba ya cikin ginin. Membobin cibiyoyin Amurka suna samun shiga eLibraryUSA, taskar mujallun bincike da jaridu wadda idan da kuɗi za ka saya ba za ka iya ba. Goethe tana da Onleihe, inda ake aron littafi ta intanet, Faransawa suna da Culturethèque. Duk waɗannan daga ɗakinka za ka buɗe su, a kan kwamfutarka, da intanet ɗin da ka biya. Ka ga ke nan su kansu ɗakunan karatun jakadancin suna buƙatar abin da kake shirin fasa saye. Kafin ma ka taso, ka leƙa American Corner da ke ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano, ka ga yadda tsarin yake, don kada ka zo nan kana baƙon abu biyu lokaci guda.

Yanzu zancen intanet, wanda shi ne ya fi cin aljihu a ɓoye. Kamfanoni huɗu ne: Vodafone, Orange, Etisalat da WE. Da fasfo ake sayen layi, a ofishin kamfanin, kuma layin baƙo yana ɗaure da izinin zamansa, saboda haka kada ka yi wasa da sabunta iƙama, wato izinin zaman, a ofishin fasfo na Abbasiyya. Intanet na gida kuwa ba irin wanda ake buɗewa a bari ba ne, gwargwado ake sayarwa duk wata, shi muke kira baƙa. 'Yan ɗaki ke haɗa kuɗi su saya, kuma da yawa sai da layin tarho na gida ake jona shi, don haka kafin ku kama haya ku tambayi mai gida ko akwai layin. Akwai daren da nake tura babi na binciken kammalawa ga malamina, saura kaɗan ya tafi, baƙar ɗakinmu ta ƙare tun wata bai kai ƙarshe ba, saboda mu shida ne a kai kuma kowa yana kiran gida ta bidiyo. Ƙarfe ɗaya na dare na sauko da kwamfuta a hannu ina neman shagon da zan sa kuɗi a waya. Tun daga ranar nake ware kuɗin intanet tare da na burodi da wake, ba na taɓa shi. Ka kuma sani tun daga 2025 wayar da aka shigo da ita daga waje tana da dokar rajista da haraji, in ba a bi ba layin Masar ya daina aiki a kanta bayan kwana 90. Ka tambayi ƙungiyar ɗalibai halin da dokar ke ciki a makon da za ka taso.

Inda karatunka zai zauna da gindinsa kuwa wani wuri ne daban, kuma shi na fi so in ba ka labari. Bayan masallacin Azhar akwai lungun da ake kira Darbul Atrak. Shagunan littattafai ne manne da juna, ƙanshin takarda da na shayi, mai shago yana zaune a kan kujerar katako, ka faɗi sunan littafi ya miƙa hannu bayansa ya zaro ba tare da ya waiwaya ba. Zai ma gaya maka bugun wane gidan ɗab'i ne ya fi inganci, wane ne cike da kurakurai. A cikin masallacin kansa malamai suna zama a ruwaƙai, wato zaurukan karatu, suna karantar da matanoni, wato littattafan tushe, kyauta, ka zo da littafinka da alƙalami ka zauna a ƙasa kamar makarantar zaure a gida. Tsofaffin littattafai masu araha suna kasuwar Azbakiyya, daf da tashar Ataba. Idan bincike ya yi zurfi akwai ɗakin karatu na Azhar a Darrasa, da Darul Kutub, taskar littattafan ƙasar da aka kafa tun 1870. A ƙarshen Janairu kuma ana buɗe bajekolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara a 1969. Ɗalibai kan tara kuɗi tun watanni kafin lokacin, su je da akwati mai taya su dawo da shi cike.

Kuma mutanen yankinmu sun daɗe a wannan gari suna tanadar wa kansu wurin karatu. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira, masu zuwa neman ilimi da mahajjata suna sauka a ciki. A Azhar ma akwai ruwaƙin da aka sani da sunan Barnawa. Yau ƙungiyoyin ɗalibai ne suka gaji wannan aiki. Su za su tarbe ka a filin jirgi, su nuna maka Madinatul Bu'us idan kana neman masaukin makaranta, wanda ya gabace ka da shekara guda kuma ya miƙa maka muzakkirorinsa, wato takardun darussa, da hotunan tambayoyin jarrabawar bara. Idan ka samu waɗannan ka riƙe su da kyau, ka miƙa wa na bayanka.

Ka ce wa Baba kwamfutar ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai batir mai kyau ta isa, a manna mata haruffan Larabci a nan da kuɗi kaɗan. Ka zo da hotunan fasfo masu yawa da kwafin duk takardunka, ka kuma ajiye su a imel ɗinka. Idan an tsayar da ranar tashi ka turo mini lambar jirgin. A gaishe mini da Inna, a ce mata yajin da ta aiko da shi bara ya ƙare, in akwai wuri a jakarka.