Kada ka sa hannu a takardar nan tukuna

Ɗan'uwa, tun da na karanta tambayarka jiya da daddare ban yi barcin kirki ba. Ka ce an ɗauke ka a kan awa takwas, amma kusan shekara ke nan kana yin sha biyu ba a taɓa ƙara maka ko sisi ba, an riƙe maka albashin wata biyu wai kaya sun ɓata a sito, yanzu kuma sun ce za su ba ka rabi in ka sa hannu cewa ba ka bin su komai. Kana tambaya ko kana da wani haƙƙi tunda ba su ba ka takardar ɗaukar aiki ba. Kana da shi. Amma kafin komai, don girman Allah ajiye biron nan. Ni na sa hannu a irin wannan takarda, kuma har yau in na tuna sai in ji ɗaci a maƙogwarona.

Ni ma a sito na yi aiki, wajen lodi da sauke kaya. Ƙarfe biyar na yi akawu zai turo rajista, kowa ya sa hannu cewa ya tashi. Mu sa hannun, mu juya mu koma bakin tirela har ƙarfe takwas, wata rana ma fiye. Wato da hannunmu muke rubuta ƙaryar da za a kayar da mu da ita, ba mu sani ba. Manajan namu mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba. Da ka je masa da maganar awoyin da suka ƙaru sai ya dafa kafaɗarka ya ce, “Haba yarona, ai nan gida ne, ana lissafi da gida?” Wata goma sha huɗu ina jin wannan maganar. Daga baya na zauna na lissafa: awa uku kullum, kwana shida a mako, awa 18 ke nan. A mako 60 ya kama awa 1,080, daidai da kwana 135 na cikakken aiki. Sama da wata biyar na yi wa mutumin nan kyauta, yana kirana yaronsa.

Ranar da ba na mantawa, matata tana kwance a asibiti, an ce sai an biya kafin a taɓa ta. A lokacin ina bin su albashin wata ɗaya da rabi. Na isa ofis tun kafin a share ƙofar. Aka ce in jira. Na zauna a kan bencin nan na bakin ƙofa, ina jin sa a ciki yana waya yana dariya, wayata kuma tana ta rawa a aljihu, ƙanen matata ne ke kira, na kasa ɗauka don ban san me zan ce masa ba. Duk wanda ya zo bayana ya shiga ya fito. Sai da rana ta karkata ya ce in shigo. Ambulan na kan tebur, takarda na ƙarƙashinsa, ya danne ta da yatsa daidai layin da zan sa hannu. Ya san halin da nake ciki, don ni da kaina na aika masa da safe ta hannun akawu. Ya ce, “Taimako ne nake maka fa, ba dole ba.” Ban karanta ko layi ɗaya ba. Na sa hannu, na zari ambulan ɗin na fita da gudu. A bakin asibiti na ƙirga, bai kai rabin abin da nake bi ba. Bayan kwana huɗu na koma aiki, maigadi ya tare ni a ƙofa, kansa a sunkuye, ya ce an ce na ajiye aiki. Ashe takardar da na sa wa hannu ke nan, na ajiye aiki da kaina kuma na karɓi duk haƙƙina. Shekaru sun wuce, na yafe wa mutane da yawa abubuwa da yawa, amma yatsan nan a kan takarda na kasa cire shi daga idona. Kuma mutumin nan ya san hadisin da ya ce a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, na taɓa jin sa yana karanta wa wani.

Ka yi haƙuri, na yi nisa. Maganar rashin takardar ɗaukar aiki, kada ta karya maka gwiwa. A ƙasashe da yawa yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce, kuma abin da ake dubawa shi ne yadda aikin yake a zahiri: wa ke ba ka umarni, wa ke yanke maka lokacin zuwa da tashi, wa ke biyanka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara a kan haka a 2006, cewa zahirin aikin ne ke nuna ko mutum ma'aikaci ne, ko da wane suna aka laƙaba masa. Saƙon banki na albashinka shaida ne. Katin aiki, rigar aiki, saƙonnin WhatsApp da ogan yake cewa ku tsaya mota na hanya, duk shaida ne. Ka ɗauki hotonsu yau, ka tura wa wanda ka amince da shi, don waya tana ɓata kuma ana cire mutum daga zauren ma'aikata cikin minti ɗaya. Ni an cire ni tun kafin in iso gida.

Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, Baba muke ce masa. Yana da wani ɗan littafi irin na 'yan makaranta, ya naɗe shi biyu ya ɗaure da roba, gumi ya mai da bangonsa baƙi. Kullum in mun tashi sai ya tsaya ƙarƙashin fitilar ƙofa ya rubuta kwanan wata, lokacin da ya zo, lokacin da ya tafi, lambar motar da muka sauke. Muna masa dariya, muna cewa Baba ya buɗe nasa ofishin. Da aka sallame shi bai sa hannu a komai ba. Ya kai littafin ofishin ƙwadago, jami'in ya sa aka kawo takardun fitar kaya, lambobin motocin suka yi daidai da na littafin, lokutan kuma duk bayan ƙarfe biyar. Rajistar nan tasu ta tashi a banza. Bai samu duka ba, amma ya samu mafi yawa. Ni da na je bayansa, abu na farko da aka ajiye a gabana shi ne sa hannuna. Akwai ƙasashen da doka ba ta yarda ma'aikaci ya yafe haƙƙin da ita ta ba shi da ɗan sa hannu irin wannan ba, amma ko a can ka ƙara wa kanka wani faɗan kafin a zo kan na asali. To ka sayi littafi yau. Na baya ma ka zauna ka rubuta iya abin da ka tuna, ba ƙari ba ragi, don ƙarya guda tana iya zubar da gaskiya ɗari.

Awa huɗu kake ƙarawa kullum. In kwana shida kake yi, awa 24 ke nan a mako, kwana uku cur na aiki kake bayarwa duk mako. Wannan magana ba sabuwa ba ce a duniya. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi, a 1919, a kan wannan ce: awa 8 a rana, 48 a mako a masana'antu, abin da ya haura kuma a biya shi aƙalla da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin awa. A 1930 aka yi makamanciyarta don shaguna da ofisoshi. A Amurka, ga ma'aikatan da dokarsu ta 1938 ta shafa, duk awar da ta haura 40 a mako ana biyan ta ɗaya da rabi. Waɗannan yarjejeniyoyi suna hawa kan ƙasar da ta rattaba musu hannu ne, kotu kuma da dokar ƙasarka da yarjejeniyar aikinka za ta yi hukunci, shi ya sa dole ka je ofishin ƙwadago ko ƙungiyar ma'aikata ko wajen lauya su buɗe maka abin da dokarku ta ce. Na kawo su ne don kada wani ya sa ka ji kamar roƙo kake yi.

Cire kuɗin kayan da suka ɓata shi ya fi ƙona min rai a labarinka. Wa ya bincika? Wa ya tabbatar kai ne? Yarjejeniyar kare albashi da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1949 ta ce ba a cire wa ma'aikaci kuɗi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da doka ko yarjejeniyar ƙungiya ta amince, a riƙa biyan albashi a kan kari, in aiki ya ƙare kuma a biya abin da ya rage ba tare da jan ƙafa ba. Ka rubuta musu wasiƙa gajera, ba zagi, ka faɗi watannin da kake bi da awoyin, ka nemi su rubuta maka dalilin cirewar. Ka riƙe kwafi. Mutanen nan ba abin da suke gudu kamar rubutu.

Kuma kada ka ce za ka ɗauki wani abu a sito a madadin kuɗinka. Na san zuciya tana raya wannan, ta raya min. Ranar da ka yi haka ka tashi daga mai bin bashi ka koma ɓarawo, su kuma abin da suke jira ke nan. Kada kuma ka yi fushi ka daina zuwa ba tare da ka rubuta komai ba, za su ce kai ka gudu.

Abokan aikinka fa? Ka lallaɓa ka ji ko akwai masu irin matsalarka, don mutum biyar da magana ɗaya sun fi ƙarfin a ce sharri ne. Sai dai kada ka dogara da su gaba ɗaya. Waɗanda muke kwana a bakin tirela tare, da na nemi su yi min shaida, ɗaya ne kawai ya ɗaga waya. Na daɗe ina jin haushinsu, yanzu na daina, kowa yana da bakunan da yake ciyarwa. In tsoron kora ne ke hana ku, ku sani yarjejeniyar duba wuraren aiki da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1947 ta wajabta wa jami'in ƙwadago, a ƙasar da ta rattaba mata hannu, ɓoye sunan wanda ya kawo ƙorafi. Ka tambaye su wannan tun a bakin ƙofa kafin ka faɗi sunanka.

Kada ka yi ta jira wai za su gyara. Ƙarar albashi tana da wa'adi. A Amurka shekara biyu ne, uku in da gangan aka yi, wasu wuraren kuma 'yan watanni ne kacal. “Dawo mako mai zuwa” da suke ce maka cin lokacinka suke yi.

In matsi ya kai ka ga dole ka karɓi rabin nan, na fi kowa sanin yadda hakan yake, ba zan ga laifinka ba. Amma ka nemi su rubuta cewa wani ɓangare ne na abin da kake bi, ka faɗi sauran a jikin takardar, ka ɗauki hotonta. In sun ƙi, ka ce za ka tafi da ita gida ka karanta. Ka rufe sunanka da nasu ka turo mana ita nan zauren da ka yi tambayarka mu gani, akwai masu ilimin shari'a a cikinmu. Yaushe suka ce ka koma?