Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗaukar Hoto a Wurin Tafiya

Tambaya: Na je Agadas na ɗauki hasumiyar babban masallacin garin da wayata, amma a hoton sai ka ce za ta kife ta baya, kuma girmanta bai fito ba. Laifin wayar ne? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, wayarka ba ta da laifi, wurin da ka tsaya ne. Hasumiyar nan tsayinta mita 27 ne, kuma dama gininta tsukewa yake yi ta sama. Wanda ya tsaya a gindinta dole ya ɗaga kan waya, kuma da zarar waya ta karkata sai gefunan gini su riƙa matsowa juna, shi ya sa kake ganin kamar zai faɗi. Ka ja da baya kamar mita 40, ka riƙe wayar a tsaye cak. Ƙasa za ta cinye kusan rabin hoton, ba komai, daga baya sai ka yanke ta. In ka samu izinin hawa wani soro da ke kusa, ya fi.

Ka shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara. Ka ɗora hasumiyar a kan layin dama ko na hagu maimakon tsakiya, sannan ka jira wani ya gifta ta gindinta, domin ido ba ya gane girman gini sai ya ga mutum kusa da shi. Lokaci kuwa, hantsi ko la'asar sakaliya. A lokacin ne rana ke zuwa ta gefe, itatuwan da suka fito daga jikin ginin su yi inuwa, jar ƙasar ta fito. Tsakar rana shafe duk wannan take yi.

Tambaya: Duk shekara ina zuwa Kano kallon Hawan Daushe, amma dawakan da ke sukuwa dishi-dishi suke fitowa. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Abu biyu ne ke jawo haka. Na farko, kyamarar tana daɗewa a buɗe kafin ta ƙyafta, doki kuwa ya riga ya matsa. A kyamara, ko wayar da ke da sashen Pro, ka sa saurin ƙyaftawa a 1/1000, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Da yake yamma ake yi kuma ƙura na rage haske, ka fara da ISO 400, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, in rana ta yi ƙasa ka kai 800. Ƙara ISO na sa hoto ya ɗan yi tsaki-tsaki, amma gara haka da a ce dokin ya narke. Na biyu shi ne jawo hoto da yatsu biyu. Wannan ba ya kawo dokin kusa, yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Ka tsaya a 1x, wato ba tare da jawowa ba, ko 2x da 3x idan wayar tana da idon da aka yi don haka.

Wurin tsayuwa ya fi duk wannan muhimmanci. Ka je Ƙofar Kudu ta fadar Sarki da wuri ka nemi inda dawakai za su taho maka a karkace, ka bar fili a gaban dokin fiye da bayansa, don a ga inda ya nufa. Ka yi ɗauka a jere, guda ashirin ko talatin a sukuwa ɗaya. Biyu masu kyau sun isa. In ka durƙusa, mahayi da rawaninsa za su fito a kan sararin sama maimakon su ɓace cikin taro. Amma fa kada ka ƙetare inda dogarai suka tsayar da jama'a, doki a guje ba ya jiran mai hoto.

Tambaya: Maigidana ya sa farar babbar riga a Yankari, rigar ta fito tas, fuskarsa kuwa ta yi duhu. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne. Da ta ga farin yadi ya cika wuri sai ta rage haske, fuska ta tafi da shi. Hula ma tana ƙara inuwa a ido idan rana na tsaka. Ki matsar da shi ƙarƙashin bishiya, ya fuskanci fili, ki taɓa fuskarsa a kan wayar, sannan ki ja alamar rana da za ta fito a wurin sama kaɗan, ki tsaya kafin aikin wuyan rigar ya ɓace. In babu inuwa, ki kunna filasha ko da rana ce, muddin bai wuce mita biyu daga gare ki ba.

Tambaya: Hazo na ɓata mini hotuna a lokacin hunturu. Daga mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Fara goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, bayan ka hure ƙurar, don kada ta karce shi. Abin da ke nesa, irin kallon gari daga kan Dutsen Dala, ka haƙura da shi sai damina. Ka rage sama a hoton, ka matsa kusa da abu mai launi, kamar shuni a marinar Ƙofar Mata, bayan ka yi sallama ka nemi izinin masu rini.