Tambaya da Amsa: Zaman ƙauyen Faransa gab da bikin shanu

Wasiƙun wannan karo daga 'yan'uwanmu ne mazauna ƙauyukan kudancin Faransa, tsakanin Nîmes da Montpellier. A can kowane ƙauye na da bikinsa na shekara da ake kira fête votive, wanda ake yi da zafi, galibi daga Yuni zuwa Satumba, kwana uku har zuwa mako guda ko fiye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Maradi ne, aikin gonar inabi ya kawo ni wani ƙauye a jihar Gard. Wasu samari sun ƙwanƙwasa mini ƙofa da kiɗa, suna riƙe da burodi. Ban gane ba, na sallame su. Me suke nema?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani sunansa aubade. Ya yi kama da tashen da yara ke yi a wajenmu cikin azumi, sai dai waɗannan samari da 'yan mata ne masu shekara 18 ko kusa da haka, suna bin gida gida kafin biki don tara kuɗin hidimarsu. Suna miƙa burodi mai zaƙi, kai kuma ka ba da abin da ya sawwaƙa. Yuro 5 ko 10 ba abin kunya ba ne, kuma ka tanadi tsabar kuɗi, don ba lallai su zo da na'urar karɓar kati ba. A ƙauyuka da dama na Gard, idan ka bayar sai su buga ɗan ƙaramin zane da fenti a gefen ƙofarka, hoton doki ko sa ko tsuntsu, tare da shekarar. Shi ne empègue. Kada ka goge shi, alama ce cewa gidan ya sa hannu. Idan haya kake yi, tambayi mai gidan tukuna.

Ba dole ba ne, babu wanda zai ci ka tara. Amma a ƙauye mai mutum dubu ɗaya ko biyu ana lura da ƙofar da aka buɗe. Idan ka haɗu da su a hanya, ka fara da "bonjour", ka ce ba ka san al'adar ba, ka miƙa naka. Magana ta ƙare.

TAMBAYA: An jera shingayen ƙarfe a layinmu, an kafa alluna a inda nake ajiye mota. Maƙwabcina ya ce shanu za su bi ta ƙofar gidana. Da gaske ne?

AMSA: Da gaske ne, kuma wannan ce tambayar da muka fi so kowa ya karanta da kyau. Kafin biki magajin gari yana fitar da umarni a rubuce, arrêté municipal, wanda ke fayyace titunan da za a rufe, ranaku da awoyi. Ana liƙa shi a allon ofishin magajin gari, wato mairie. Je ka karanta da kanka ko ka ɗauki hotonsa a waya, ka kuma karɓi takardar jadawalin bikin. Yawancin wahalar da baƙi ke sha daga rashin karanta takardun nan biyu take.

Motar da aka bari a layin da aka hana za a ja ta zuwa fourrière, wato filin da hukuma ke tsare motoci. Kuɗin jan ƙaramar mota kaɗai ya haura yuro 120, ga kuɗin ajiya na kowace rana, ga tarar yuro 35 a kalla. Ba za a sake maka ita ba sai ka je wajen jandarma ko 'yan sandan gari da lasin tuƙi da shaidar inshora sun ba ka takardar saki. Saboda haka ka fitar da ita tun daren jajibiri, ka ajiye a wajen da'irar shingen. Ko a garejinka take, idan garejin na kallon layin, ba ka da hanyar fita sai an buɗe.

Shanun kuwa baƙaƙen bijimai ne na yankin Camargue, masu tsinin ƙaho. Wajen ƙarfe 11 na safe ko 12 na rana mahaya fararen dawaki, gardians, kan sa su a tsakiya su ratsa gari da gudu. Wannan shi ne abrivado. Da yamma a mayar da su, shi ne bandido. Akwai kuma encierro, inda ake sakin su a cikin titin da aka rufe ba tare da dawaki ba. Ana harba wani abu mai ƙara kamar bindiga sau ɗaya a farko, sau ɗaya a ƙarshe. Tsakanin ƙara ta farko da ta biyu kada ka tsallaka titi, ko da ka ga wayam, domin sau da yawa ana yin zagaye fiye da ɗaya. An yi shingen da tazarar da mutum zai kurɗa amma sa ba zai iya ba, to ka tsaya a bayansa, kada ka jingina, kada ka bar yaro ya zura kai. Kada ka bar ƙofar gida a buɗe. Samarin da za ka ga suna kama wutsiyar sa da ƙahonsa a ciki suka tashi, kuma duk da haka kowace shekara ana jin rauni, wani lokaci har da rasa rai. Idan wani abu ya faru, kira 112, ko 15 don motar asibiti, ko 18 don 'yan kwana-kwana.

TAMBAYA: Ni matar aure ce, ina sa hijabi. Maƙwabciyata ta gayyace mu cin abincin gari. Zan iya zuwa? Me za mu ci?

AMSA: Ki je, 'yar'uwa. Dokar 2010 rufe fuska ta hana a bainar jama'a, ba rufe kai ba. Sai dai abincin yana buƙatar shiri. Kwamitin biki, comité des fêtes, shi ke sayar da tikiti kwanaki kafin ranar, sau da yawa a mairie ko wani shago, kuma da adadin tikitin ake sayen cefane. Lokacin yin rajista ne za ki tambayi abin da za a dafa, ba ranar da aka zuba a faranti ba. Abincin da ya fi shahara, gardiane de taureau, naman sa ne da aka jiƙa kuma aka dafa da jan giya. Paella kuma ana yawan sa mata chorizo, wato tsiran alade. Burodin fougasse iri biyu ne: na garin Aigues-Mortes mai sukari da ƙamshin furen lemo, da mai grattons, wanda soyayyen kitsen alade ne. Kalmomin da za ki riƙe su ne porc (alade), lardons (gutsattsarin naman alade), saindoux (kitsen alade) da vin (giyar inabi). Ki faɗa wa maƙwabciyarki a fili abin da ba ku ci, ki tambayi kwamitin ko za ki iya zuwa da kwanonki. A wurin shan abin sha, inda suke shan giyar da ake kira pastis, ki nemi sirop na na'ana'a (ruwan zaƙi da ake sirkawa da ruwa) ko diabolo (sirop da lemon kwalba), babu giya a cikinsu. A yankin nan gaisuwar kumatu sau uku ake yi. Idan ba ki so, ki sa hannu a ƙirji da murmushi tun kafin mutum ya matso.

TAMBAYA: Ina tashi zuwa aiki da asuba. Zan iya kai ƙara saboda kiɗan dare?

AMSA: Da wuya ta yi amfani, Malam, domin magajin gari ne ya ba da izinin kiɗan, yawanci har ƙarfe 1 ko 2 na dare, kuma lokacin daina kiɗan yana cikin umarninsa. Sayi abin toshe kunne a kantin magani, ka koma ɗakin da ba ya kallon dandali. Ka duba ko an matsar da tashar bas da ranar kwashe shara. Ka yi cefanen mako tun da wuri, har da naman halal daga Nîmes ko Lunel, musamman idan bikin ya haɗa da 14 ga Yuli ko 15 ga Agusta, ranakun hutu ne a duk ƙasar. Idan buƙatar magani ta taso da dare, lambar 3237 za ta gaya maka kantin da ke kan aiki.